Tsuran Rubutu da Haruffa Masu Ƙugiya: Gwajin Markdown a Jagorar Ban Ruwa ta Hausa a Yankin Bakolori

Tsakure

Maƙalar ta auna da'awar cewa tsuran rubutu ba ya tsufa, ta hanyar gwada Markdown a kan jagorar rabon ruwa da aka rubuta da Hausa don manoman rani na Birnin Tudu a yankin Bakolori. An gano cewa tsarin ya dace da aikin, amma tsofaffin fayilolin Hausa suna lalacewa a cikinsa matuƙar ba a fara gyara haruffa masu ƙugiya ba.

Gabatarwa

Kamfanin Impresit na Italiya ne ya gina madatsar ruwa ta Bakolori a kan Gulbin Sakkwato tsakanin 1974 da 1978. Tana riƙe kimanin kubik mita miliyan 450 na ruwa, kuma an tsara ta shayar da hekta 23,000 a ƙasashen Talata Mafara, Bakura da Maradun: 15,000 ta hanyar feshi, 8,000 ta magudanai. Na'urorin feshin sun daɗe da tsayawa. Shirin TRIMING, wanda Bankin Duniya ya amince da shi a 2014, ya ɗauki gyaran Bakolori, ya kuma ɗora wani kaso na kula da ƙananan magudanai a wuyan ƙungiyoyin masu amfani da ruwa. Wanda aka damƙa wa buɗe ƙofar ruwa da yashe magudana yana buƙatar rubutacciyar jagora cikin harshensa, wadda za a riƙa gyarawa duk sa'ad da jadawalin rabo ya canja. Da wane tsari za a rubuta ta?

Bitar Ayyukan da Suka Gabata

Masu nazarin Bakolori ba takardun aiki ne suka dame su ba. Björn Beckman ya duƙufa kan rikicin fili da diyya, wanda ya kai ga 'yan sanda suka kashe manoma a Afrilun 1980, W. M. Adams kuma ya bi diddigin illar madatsar ga noman fadama a ƙasan gulbi.

Jayayyata tana wani wurin. A littafinsu The Pragmatic Programmer na 1999, Andrew Hunt da David Thomas sun kafa hujjar cewa ajiye ilimi a tsuran rubutu kariya ce daga tsufan manhaja: ko manhajar ta mutu, mutum zai buɗe fayil ya karanta. Wannan ra'ayi ne ginshiƙin reStructuredText na David Goodger, da AsciiDoc na Stuart Rackham a 2002, da Markdown na John Gruber a 2004. A 2016 masu kula da ƙwaryar Linux suka fara mayar da takardunsu kan manhajar Sphinx da reStructuredText. Ban musa amfanin ba. Abin da nake ƙalubalanta shi ne yadda ake maimaita hujjar a ajujuwan kwamfuta na Arewa kamar ta shafi kowane harshe daidai wa daida. Ma'aunin ASCII gurbi 128 gare shi, duk haruffan Ingilishi sun samu shiga, ƙ da ɗ da ɓ kuwa babu ko ɗaya. Masu ƙera font na Hausa a shekarun 1990 sai suka nemi madannan da ba a cika taɓawa ba, suka ɗora haruffanmu a kansu. Masu ƙirƙiro alamomin tsara rubutu su ma madannan da Ingilishi ba ya cika taɓawa suka nema, don dalili iri ɗaya. Gona ɗaya ce aka sayar wa mutum biyu.

Hanyar Bincike

Na shirya gajeriyar jagora mai kanun sassa, matakai masu lamba da jadawalin rabon ruwa. Na rubuta ta da Unicode, na kuma rubuta ta da tsohon tsarin da na tarar a fayilolin wasu shagunan buga takardu na yankin. Kowace na sarrafa ta da Pandoc, manhajar da John MacFarlane ya fara fitarwa a 2006, zuwa shafin intanet da fayil ɗin Word.

Sakamako

Wadda aka rubuta da Unicode ba ta ba da wahala ba. Haruffan suna da lambobinsu, ƙ tana U+0199, ɗ tana U+0257, ɓ tana U+0253, kowanne bayit biyu a UTF-8. Koyon alamomin ma ba wani abin tsoro ba ne ga sakataren ƙungiyar da ya saba sa tauraro a WhatsApp don kauraro kalma. Sai dai a tuna masa cewa a Markdown tauraro ɗaya karkata rubutu yake yi, biyu ne ke kauraro shi.

Matsalar tana tsohon tsari. A fayilolin da na duba, } ce ƙ, { ce Ƙ, ] ce ɗ, [ ce Ɗ, ~ ce ɓ, | kuma Ɓ. Muddin font ɗin yana kan kwamfutar, ido Hausa yake gani. Da an mayar da fayil tsura, abin da ke ciki ya fito fili: «}ofa ta ]aya». Wannan muni ne kawai, ana iya karantawa, kuma mafi yawan bakunan nan Pandoc ya bar su yadda suke. Sauran alamomi biyun ne masu ɓarna.

A ɗauki jadawalin rabo, wanda shi ne zuciyar jagorar. A Markdown sandar tsaye ce ke raba gurabun jadawali. Layin da ya kamata ya ce Litinin, Ɓangaren Arewa, ƙarfe shida, a tsohon tsari ya zama «| Litinin | |angaren Arewa | 6:00 |». Manhaja ba ta san Ɓ ba. Sanda ta gani, ta buɗe sabon gurbi. Sai gurbin ɓangare ya zama wayam, «angaren Arewa» ya koma ƙarƙashin lokaci, lokacin kuma aka tura shi waje. Babu gargaɗi, babu saƙon kuskure. Jadawalin ya fito tsaf da layukansa, kuma nan haɗarin yake, domin wanda ya bugo shi zai manna a bango bai duba ba. A wurin da rabon ruwa ke haddasa sa-in-sa tsakanin na bakin magudana da na ƙarshenta, jadawalin da ya haɗiye lokaci ba ƙaramin abu ba ne.

Haka ɓ ƙarama. Pandoc yana ɗaukar abin da ke tsakanin ~ biyu a matsayin ƙaramin rubutu na ƙasan layi, irin 2 ɗin da ke cikin alamar ruwa ta kimiyya. Gargaɗin a lura da ɓuɓɓugar ruwa a gindin magudana, da aka rubuta «~u~~ugar», ya fito da ƙaramar u a ƙasa, sai «~ugar». Haruffa biyu sun salwanta, kuma daga fayil ɗin da aka fitar ba a iya dawo da su da sauya-duka, tunda babu abin da ya rage da za a sauya.

Wannan ya nuna jerin aiki ya fi zaɓen tsari muhimmanci. Idan aka fara sa alamomin Markdown sannan aka ce a mayar da kowace | ta zama Ɓ, sandunan jadawalin ma za su koma Ɓ. Bakunan mahaɗan intanet kuma su koma Ɗ da ɗ. Dole a fara mayar da haruffan shida zuwa Unicode tun fayil bai ga alama ko ɗaya ba. Sauya tsari ba mafita ba ne: AsciiDoc ma da sanda yake raba gurabu, da ~ yake saukar da rubutu, reStructuredText kuma yana amfani da sanda wajen musanya kalmomi.

Iyakar Binciken

Za a ce jagora ɗaya ce da manhaja ɗaya, kuma ba kowane tsohon font ne ya bi wannan rabon madannai ba. Haka ne. Za a kuma ce manoma da yawa sun fi dogaro da sanarwar baki, wasu da ajami, wanda rubutunsa daga dama zuwa hagu yana da nasa rikicin da jadawali. Ban taɓa wannan ba. Amma karon da aka nuna a ƙa'idojin alamomin yake, ba a yawan samfuri ba, kuma duk mai Pandoc zai iya rubuta «|angare» a jadawali ya ga abin da zai fito.