Sanƙarau da mantuwar garkuwar jiki

A 1963 ne likitan sojan Faransa Lapeyssonnie ya shata yankin da sanƙarau ke addaba da rani, Nijar na tsakiyarsa. Tambayarmu a nan ita ce: me ya sa annoba ta yi ta dawowa, alhali akwai allurar rigakafi tun shekarun 1970?

Allurar farko da sukarin ɓawon ƙwayar cutar zalla aka yi ta. Shi kuwa wannan sukari ba ya tayar da fararen ƙwayoyin jini na rukunin T, waɗanda ke sa jiki ya riƙe kamannin abokin gaba. Saboda haka kariyar kan dushe cikin ƴan shekaru, kuma ba ta kama jarirai sosai. Annobar 1996 ta kashe mutum kusan 25,000 a Afirka.

Da aka ɗaure sukarin da furotin sai aka samu MenAfriVac, wadda aka fara yi wa jama'a a Nijar a 2010, har nau'in A ya kusa ɓacewa. Amma a 2015 nau'in C ya afka wa Yamai, domin jiki ba ya tuna abokin gaban da ba a taɓa nuna masa ba.