1989: Shekarar da matuƙan jirgin Ostireliya suka ajiye aiki rana guda, fasinja ya koma hawa jirgin soja

1/ Jama'a ku matso, yau zaren namu zai leƙa Ostireliya ta shekarar 1989. A ranar 24 ga Agusta matuƙan jirgin sama fiye da 1,600 suka ajiye aiki lokaci guda, ƙasar ta wayi gari kusan babu jirgin cikin gida ko ɗaya a sama. Yaya fasinja ya yi? Wa ya sha, wa ya kwana ciki? Ku biyo ni 🧵

2/ Sai kun san girman ƙasar kafin ku gane girman matsalar. Mutanenta a lokacin ba su cika miliyan 17 ba, amma daga Sidni a gabas zuwa Perth a yamma kusan kilomita 4,000 ne a mota. Kamar ka yi Kano zuwa Legas sau huɗu kenan. A jirgin sama awa huɗu zuwa biyar ne. A jirgin ƙasa kuwa sai ka kwana uku a hanya.

3/ Ga kuma yadda kasuwar take. Tun shekarun 1950 gwamnati ta kafa tsarin da ya bar manyan hanyoyin cikin gida a hannun kamfanoni biyu kacal: Ansett na 'yan kasuwa, da Australian Airlines na gwamnati. Qantas da kuka sani, a lokacin ƙasashen waje kawai yake zuwa. Akwai East-West, amma masu Ansett sun saye shi a 1987.

4/ Matuƙan waɗannan kamfanoni duka, har da na kamfanin dakon kaya IPEC, ƙungiya ɗaya suke, AFAP, ƙarƙashin shugabancin Kyaftin Brian McCarthy. Lissafinsu mai sauƙi ne: idan muka zauna a gida, ƙasa ta tsaya cak. Babu kamfani na uku da fasinja zai gudu wajensa.

5/ Me suke nema? Ƙarin albashi na kashi 29.47 cikin 100. Hujjarsu ita ce tsadar rayuwa ta cinye albashinsu shekara da shekaru, alhali alƙalai da manyan shugabannin kamfanoni ana ta maganar yi musu ƙari mai tsoka. Kuma suka ce da kamfanoninsu za su zauna kai tsaye, ba ruwansu da hukumar tsara albashi ta ƙasa.

6/ Nan gizo ke saƙar. Tun 1983 gwamnatin Bob Hawke ta ƙulla yarjejeniya da uwar ƙungiyar ƙwadago ta ƙasa, ACTU, wadda ake kira Accord: ma'aikata su haƙura da ƙarin albashi kaɗan-kaɗan, gwamnati ta saka musu da abubuwa irin su inshorar lafiya da ragin haraji. A 1989 iyakar ƙarin kusan kashi 6 ne.

7/ Idan matuƙa suka karɓi kusan 30, da wane baki za a ce wa lebura da direba su tsaya a 6? Hawke, wanda shi kansa ya shugabanci ACTU kusan shekara goma, ya ga cewa duk tsarin tattalin arzikinsa ne zai rushe. AFAP kuma ba ta cikin ACTU. Wato tun kafin a fara, sauran 'yan ƙwadago ba sa bayansu.

8/ Ranar 18 ga Agusta matuƙan suka fara matakin farko: ba za su tuƙa jirgi ba sai daga 9 na safe zuwa 5 na yamma, kamar ma'aikatan ofis. Jadawalin tashi da sauka ya dagule nan take. Kamfanoni suka mayar da martani da dakatarwa, da kora, da kuma maka matuƙa a kotu ɗaya bayan ɗaya, kowa da sunansa.

9/ Wannan ƙarar ce ta tsorata su. Mutum na iya rasa gidansa da kuɗin fanshonsa. Don su tsira daga haka, sai suka yi murabus gaba ɗaya ranar 24 ga wata, da tunanin cewa dole a zo a lallashe su su dawo. Ku riƙe wannan wurin: daga ranar, a idon doka su ba masu yajin aiki ba ne, mutane ne da suka bar aiki da kansu.

10/ To mu koma kan fasinja. Ka sayi tikiti, ka zo filin jirgi da jakarka, allon sanarwa duk an soke. Babu intanet, babu manhajar da za ka duba wani jirgin, wayar hannu ma sai attajiri. Ko ka yi ta buga layin kamfani da ba ya shiga, ko ka je ofishin sayar da tikiti ka bi layi.

11/ Hanya ta farko da mutane suka bi ita ce ƙasa. Motocin safa da jiragen ƙasa suka cika maƙil, motar haya ta yi wuyar samu. Sidni zuwa Melbon da ake yi cikin awa ɗaya da 'yan mintoci a sama, ya koma wajen awa 12 a bas. Wanda zai je Perth kuwa sai ya ratsa filin Nullarbor, inda za ka yi tafiyar sa'o'i ba ka ga gari ba.

12/ Masu hannu da shuni suka koma shatar ƙananan jirage masu farfela, wani lokaci 'yan kasuwa su haɗa kuɗi su ɗauki guda. Ƙananan kamfanonin da ke zirga-zirgar karkara, waɗanda rikicin bai shafi matuƙansu ba, kasuwa ta buɗe musu. Amma kujerunsu nawa ne? Cokali ne ake son ya kwashe ruwan rijiya.

13/ Waɗanda suka fi shiga uku su ne mutanen Tasmaniya. Jiha ce guda amma tsibiri, teku ya raba ta da sauran ƙasar. Babu titi, babu layin dogo. Babban jirgin ruwan fasinja ɗaya ne, Abel Tasman, da ke kwana a kan ruwa tsakanin Melbon da Devonport. Mara lafiya mai ganin likita a Melbon, ɗalibi, ɗan kasuwa, duk shi suke kallo.

14/ A nan gwamnati ta shigo da ƙarfinta. Hawke ya ɗauki abin a matsayin yaƙi, har ya kwatanta matuƙan da direbobin bas da aka kambama. Ya ba rundunar sojin sama umarnin ta fara ɗaukar fasinjan farar hula. Kwana ɗaya bayan murabus ɗin, jiragen soja suka fara jigila.

15/ Ku yi tunanin abin: ka biya kuɗin jirgin fasinja, sai ga ka cikin Hercules C-130, jirgin da aka ƙera don dakon sojoji da kayan yaƙi. Kujera ta igiya da tamfol, tagogi 'yan kaɗan, ƙarar inji sai an ba ka abin toshe kunne, kuma bai kai jirgin fasinja gudu ba. Amma da babu gara ba daɗi. Mutane suka yi ta hawa.

16/ Sojojin sun yi amfani da Boeing 707 da HS 748 ma. Daga ƙarshen Agusta zuwa 15 ga Disamba 1989, lokacin da suka janye, sun ɗauki fasinja fiye da 170,000. Adadin bai kai ko kusa da abin da kamfanonin ke ɗauka a da ba, amma ya isa ya hana ƙasa tsayawa cak, wanda shi ne abin da matuƙan suka dogara da shi.

17/ Mataki na biyu: aka sassauta dokar da ta hana jiragen ƙasa da ƙasa ɗaukar fasinjan cikin gida. Jirgin Qantas ko na wata ƙasa da zai sauka a Sidni ya wuce Melbon, yanzu yana iya cika kujerun da babu kowa da 'yan gida. Fasinja ya koyi duba jadawalin jiragen waje don tafiyar cikin ƙasarsa.

18/ Mataki na uku: kamfanonin suka yi hayar jirage daga waje tare da matuƙansu, irin su Monarch na Birtaniya da America West na Amurka. Aka kuma sauƙaƙa wa matuƙa baƙi shigowa su karɓi aiki na dindindin. Tunda 'yan gida sun yi murabus, kujerunsu a buɗe suke, kowa na iya nema.

19/ Mataki na huɗu: kuɗi. Gwamnati ta yafe wa kamfanonin kuɗin sauka da na amfani da filayen jirgi, don kada su sallami dubban sauran ma'aikatansu, masu hidimar cikin jirgi, injiniyoyi da masu ɗaukar kaya. Da an sallame su, da sauran ƙungiyoyin ƙwadago sun tayar da ƙura. Da wannan aka rufe ƙofar.

20/ An yi surutu sosai a kan wani abu: shugaban Ansett, Sir Peter Abeles, aminin Hawke ne na kut-da-kut, kuma rabin kamfanin na News Corporation ne, na Rupert Murdoch mai jaridu. Matuƙan suka ce gwamnati ta zama 'yar amshin shatan abokin firaminista. Hawke ya ce tsarin albashin ƙasa yake karewa. Har yau ana wannan muhawara.

21/ Su wa suka biya kuɗin faɗan? Da farko masu cin abinci da yawon buɗe ido. Garuruwa irin su Cairns a arewacin Queensland, da tsibiran shaƙatawa na yankin, da Alice Springs a tsakiyar hamada, baƙinsu ta sama suke zuwa. Otal-otal suka zama kufai, aka rage ma'aikata, wasu ƙananan sana'o'i suka rufe ba su sake buɗewa ba.

22/ Mai gyaran ɗaki a otal ba ta nemi kashi 29 ba, ba ta da kujera a teburin sulhu, amma ita ta fara rasa aiki. Ƙiyasin da aka fi ambata na asarar da ƙasar ta yi ya kai wajen dala biliyan ɗaya ta Ostireliya.

23/ Akwai wani ɓangare mai nauyi. A watannin da jama'a suka koma titi ne aka yi haɗurran bas biyu mafi muni a tarihin ƙasar, duka a babban titin Pacific: 20 ga Oktoba kusa da Grafton, mutum 21, 22 ga Disamba kusa da Kempsey, mutum 35. Bincike ya ɗora alhakin a kan halin da direbobi ke ciki da ƙuncin titin. Amma ya tuna wa kowa cewa doguwar tafiyar dare a mota tana da nata farashin.

24/ A hankali lissafin ya juya. Kowane mako ana samun ƙarin kujeru, wasu matuƙan suna komawa ɗaya-ɗaya a kan sabon kwantiragi, fasinja ya saba da sabon yanayin. Haushin jama'a kuma bai sauka a kan kamfanoni ba, a kan matuƙan ya sauka, tunda albashinsu ya ninka na talaka sau da yawa tun kafin ƙarin.

25/ Sai kotu ta ƙara musu da nata. Babbar kotun jihar Victoria ta samu ƙungiyar da wasu shugabanninta da laifin jawo wa kamfanonin asara, aka yanke diyyar kusan dala miliyan 6.5. Zuwa Maris 1990 ƙungiyar ta sauko. Hawke kuma ya sake cin zaɓe ranar 24 ga wannan watan.

26/ Mafi yawan waɗanda suka yi murabus ba su koma tsohon aikinsu ba. Da yawa suka watsu zuwa kamfanonin Asiya, Turai da Gabas ta Tsakiya, wasu suka bar tuƙi kwata-kwata. Gaba tsakanin waɗanda suka koma da waɗanda suka ƙi ta raba abokai da 'yan uwa, kuma ta daɗe shekaru da dama.

27/ Kamfanonin ma ba su daɗe suna dariya ba. A ƙarshen Oktoba 1990 aka soke tsarin kamfani biyu. Compass ya shigo da tikiti mai araha a Disamba 1990, ya durƙushe bayan shekara ɗaya. Qantas ya haɗiye Australian Airlines a 1992. Ansett kansa ya rushe a Satumba 2001.

28/ Abin da wannan tarihi ke nunawa: ƙarfin yajin aikin matuƙa yana cikin wahalar fasinja ne. Duk ranar da fasinja ya samu wata hanya, ko da kujerar igiya ce a jirgin soja, ƙarfin yana raguwa. Shi ya sa ɓangarorin biyu duk a kansa suke ja-in-ja, alhali a 1989 ba shi da wata doka ta musamman da ta tanadar masa diyya.

29/ Yau abin ya ɗan canja, musamman a Turai. Dokar Tarayyar Turai mai lamba 261 ta 2004 ta ce idan aka soke jirginka, kana da zaɓi: a mayar maka da kuɗinka, ko a sa ka a wani jirgin. Kafin nan kuma abinci da masauki suna wuyan kamfani idan jiran ya kai ga kwana.

30/ A Maris 2021 kotun Tarayyar ta yanke hukunci a kan yajin aikin matuƙan SAS na 2019: yajin ma'aikatan kamfani na cikin harkokinsa na yau da kullum, don haka ba zai fake da shi ya ƙi biyan diyya ba. Diyyar Yuro 250 zuwa 600 ce gwargwadon nisan tafiya, sai fa idan an sanar da kai aƙalla kwana 14 kafin tashi.

31/ Wannan ya shafi namu masu tafiya. Dokar ta hau kan duk jirgin da ya tashi daga ƙasar Tarayyar, da wanda zai shiga can idan kamfanin na Tarayyar ne, misali Lufthansa daga Abuja zuwa Frankfurt. Amma idan masu kula da zirga-zirgar sararin sama ne ke yajin, babu diyya, sai kulawa da sauya jirgi ko mayar da kuɗi.

32/ Don haka idan ka ji ƙishin-ƙishin yajin aiki: kada ka yi gaggawar soke tikitinka da kanka, ka bari kamfani ya soke, don a nan haƙƙinka yake. Ka adana saƙonsu da rasit ɗin duk abin da ka kashe. Ka nemi wata hanyar tun kafin layi ya yi tsawo. Magani da takardunka su kasance a jakar hannu. Idan kuma titi za ka bi, ka guji tafiyar dare in da hali.

33/ Tambaya gare ku: gwamnatin da ta sa jiragen soja ɗaukar fasinja, ta ceci jama'a ne ko ta karya 'yancin ma'aikaci na neman haƙƙinsa? Da kai ne Hawke, ya za ka yi? Ku sauke ra'ayinku a ƙasa, ku tura wa mai shirin tafiya.