Matsayin Bashi a Karatun Kasuwannin Kuɗi

Ɗalibin da ya shiga sashen banki da hada-hadar kuɗi a jami'a yakan fara da tambayar farashi: nawa ne darajar hannun jari ko takardar lamuni a yau, idan aka yi la'akari da abin da za ta kawo nan gaba da kasadar da ke tattare da ita? Daga nan ake kai shi ga aikin Harry Markowitz na 1952 kan rarraba jari don rage kasada, da ra'ayin Eugene Fama na cewa farashi yana ɗauke da bayanan da ke hannun masu ciniki, da lissafin Fischer Black da Myron Scholes na 1973. Ilimi ne mai tushe, kuma wanda bai ƙware a kansa ba zai sha wuya a wannan fage. Sai dai an gina shi kan kasuwanni irin na New York da Landan, inda mai sayarwa ba ya rasa mai saye, kuma rahoton kamfani abin dogaro ne. A Najeriya, darasin da ya fi cancantar zama tsakiyar manhaja shi ne bashi: wa ya ba wa, da wace jingina, kuma me zai biyo baya idan biya ya gagara.

Tarihin kasuwar hannun jarin ƙasar ya isa hujja. An kafa ta a Legas a 1960, ta fara ciniki a 1961, amma shekaru da dama jama'a ba su damu da ita ba. Lamarin ya sauya bayan 2004, lokacin da Babban Bankin Najeriya ƙarƙashin Charles Soludo ya wajabta wa kowane banki mallakar jarin naira biliyan 25. Bankuna 89 suka dunƙule suka koma 25, da yawansu kuma a kasuwar hannun jari suka tara kuɗin. Da jari ya yi musu yawa, sai suka shiga ba dillalai da ɗaiɗaikun mutane rance don sayen hannun jari, jinginar kuwa ita ce hannun jarin da aka saya. Sau da yawa ma hannun jarin bankunan ne da kansu. Muddin farashi na hawa, jinginar na ƙara daraja, rancen na ƙaruwa, sayen na ƙara tura farashin sama.

A watan Maris na 2008 ma'aunin kasuwar ya haura 66,000. Shekara guda bayan haka ya sauko zuwa kusan 20,000. Masu zuba jari na ƙetare sun janye kuɗinsu saboda rikicin kuɗi da ya taso daga Amurka, amma abin da ya mayar da faɗuwar farashi ta zama bala'i shi ne rancen. Jingina ta zube, wanda ake bi ya kasa cikowa, banki ya nemi sayarwa bai samu mai saye ba. A watan Agusta na 2009 Sanusi Lamiɗo Sanusi, wanda ya gaji Soludo, ya sauke shugabannin bankuna biyar, wasu uku suka biyo baya a Oktoba, kuma Babban Banki ya zuba naira biliyan 620 don ceto. A 2010 aka kafa hukumar AMCON ta sayi basussukan da suka maƙale. 'Yan fansho da ƙananan 'yan kasuwa da suka sa ajiyarsu a kasuwar hannun jari su ne suka fi jin jiki, wasunsu har yau ba sa son jin zancen hannun jari. Lissafin farashi shi kaɗai ba zai bayyana wannan ba. Sai ɗalibi ya iya buɗe littafin banki ya ga inda rance ya taru.

Masana ba su bar wannan ɓangare ba. George Akerlof ya nuna a 1970 yadda kasuwa ke lalacewa idan ɗaya ya san abin da ɗayan bai sani ba, sannan Joseph Stiglitz da Andrew Weiss suka nuna a 1981 dalilin da ke sa banki ya hana rance maimakon ya ƙara kuɗin ruwa: tsadar rance tana korar mai taka-tsantsan, ta bar mai ganganci. Wannan shi ne bayanin halin da ɗan kasuwar Kantin Kwari ko Dawanau ke ciki, wanda yake da ciniki mai kyau amma ba shi da takardar fili da banki zai karɓa.

Abin lura shi ne fataucin Hausawa ya daɗe da samo hanyar warware wannan matsala. Binciken da Abner Cohen ya wallafa a 1969 kan unguwar Sabo ta Ibadan ya bayyana yadda masu kawo shanu daga Arewa ke sayar wa mahautan gari bashi, ba takarda ba jingina. Mai gida, wanda ke saukar da baƙon, shi ne ke tsaya masa. Ya san kowane mahauci, ya san nawa ake bin sa da yadda yake biya, idan kuma aka ci amana shi zai ɗauki nauyin. Abin da hukumar tantance masu cin bashi da kamfanin inshora ke yi a yau, mutum ɗaya ke yin sa, jarinsa kuwa mutuncinsa ne. Bai kamata a ajiye irin wannan a kwas ɗin tarihi kawai ba. Ɗalibin da ya nazarci mai gida, da adashi, da yadda ake ba yaron shago kaya ya biya bayan ya sayar, zai fahimci Stiglitz fiye da wanda ya haddace shi don jarrabawa.

Akwai masu cewa fifita bashi zai raunana ɗalibai a fagen da ake gogayya da duniya, tunda jarrabawar ƙwararru irin ta CFA ba ta tambayar Sabo ko Dawanau. Maganarsu tana da ƙamshin gaskiya, kuma babu mai neman a rage lissafi. Amma mafi yawan masu kammala wannan karatu ba teburin cinikin hannun jari suke zuwa ba. Sashen rance na banki suke shiga, ko bankin masu ƙaramin ƙarfi, ko ofishin kula da basussukan gwamnati, inda aikin yau da kullum shi ne auna wanda zai iya biya.

Ga ɗaliban Arewa akwai ƙarin dalili. Haramcin kuɗin ruwa ya nisanta mutane da yawa daga banki, shi ya sa buɗe bankin Jaiz mara kuɗin ruwa a 2012 da sukuk, wato takardar lamuni mara kuɗin ruwa, na gwamnatin tarayya na naira biliyan 100 a 2017, wanda aka yi don gina hanyoyi, suka samar da sabon fagen aiki, Jami'ar Bayero ta Kano ma tana da cibiya ta musamman don fannin hada-hadar kuɗi ta Musulunci. Cire kuɗin ruwa bai cire kasadar rashin biya ba. A murabaha banki ne ke sayen kaya ya sayar da ƙarin riba a biya daga baya, kuma idan mai saye ya yi jinkiri ba a yarda a ƙara masa farashi don amfanin banki ba. Saboda haka tantance abokin hulɗa tun kafin a ƙulla ciniki ya fi nauyi a nan fiye da a bankin gama-gari, kuma jami'in da zai yi wannan aiki yana buƙatar fiƙihun mu'amala da iya karanta lissafin kamfani a lokaci guda.