Riƙon maraya a Mubi: Matsayin ɗan'uwan da kotu ta taɓa hukuntawa

A Mubi, kamar sauran garuruwan Arewa, idan yaro ya rasa iyaye dangi ne ke zama su yanke shawarar wanda zai riƙe shi. Yawancin irin wannan shawara ba ta kaiwa gaban alƙali. Takan kai ne idan an samu saɓani tsakanin dangin uwa da na uba, ko akwai gadon da za a tsare wa yaron, ko kuma wata hukuma ta nemi takardar shaidar riƙo. A nan ne tambaya kan taso: shin baffa, ko kawu, ko goggo da kotu ta taɓa samu da laifi na da damar karɓar yaron?

Tambayar tana da nauyi a wannan yanki. A ƙarshen Oktoban 2014 mayaƙan Boko Haram suka kama Mubi, kafin a ƙwato ta a watan Nuwamba. Harin bam da aka kai wani masallaci a garin ranar 21 ga Nuwamba, 2017 ya hallaka aƙalla mutum 50, wani kuma ya biyo baya ranar 1 ga Mayu, 2018. Waɗannan fitintinu sun bar marayu a hannun dangi, kuma ba kowane gida ne ke da zaɓi mai yawa ba.

Amsar a taƙaice ita ce, tsohon hukunci shi kaɗai ba ya rufe ƙofa, amma kotu ba ta kau da kai daga gare shi. Ma'aunin shi ne maslahar yaron.

Kotunan da ke da hurumi

Musulmi kan kai irin wannan ƙara Kotun Yanki ko Babbar Kotun Yanki, inda ake aiki da fiƙihun Malikiyya. Daga nan ana ɗaukaka ƙara zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'ar Musulunci da ke Yola, wadda sashe na 277 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ba ta hurumi a kan walicin ƙaramin yaro. Waɗanda ke bin dokar gargajiya suna da tasu kotun ɗaukaka ƙarar. Idan kuma rikicin ya taso ne daga auren rajista, Babbar Kotun Jiha ce ke duba shi a ƙarƙashin Dokar Shari'un Aure ta 1970, wadda sashenta na 71 ya fifita maslahar 'ya'ya a kan komai, ya kuma yarda a damƙa yaro ga wanda ba uwa ba uba idan hali ya kama.

Akwai kuma Dokar 'Yancin Yara ta tarayya ta 2003, wadda ba ta aiki a jiha sai majalisar jihar ta yi irin tata. Adamawa ta samu Dokar Kare Yara a 2022, da sa hannun Gwamna Ahmadu Umaru Fintiri.

Abin da fiƙihun Malikiyya ya tanada

Malamai sun raba al'amarin gida biyu. Na farko shi ne haɗana, wato reno da kwana da tarbiyyar yau da kullum. Na biyu shi ne walicci a kan dukiyar yaro, wanda ke hannun uba, sannan wasiyyin da ya naɗa, sannan alƙali ko wanda alƙali ya wakilta.

A haɗana uwa ce kan gaba, sai kakar wajen uwa, sai 'yar'uwar uwa, kafin a koma ɓangaren uba. Namiji na zama a hannun mai reno har ya balaga, mace kuwa har ta tare a gidan mijinta. Littafin Muhtasar na Shehu Halil, wanda alƙalan Arewa ke dogaro da shi, ya jero sharuɗɗan mai reno: hankali, da iya ɗawainiya, da amana, da amintaccen mazauni, da iya tattalin dukiya, da kuɓuta daga cuta mai cutar da yaro. Idan namiji ne, sai yana da macen da za ta kula da yaron a gidansa.

Sharaɗin amana shi ne inda tsohon hukunci ke shigowa. Masu sharhi sun bayyana cewa wanda ya shahara da fasiƙanci, kamar mashayi, ba shi da haƙƙin reno. Sai dai abin dubawa shi ne halin da mutum ke ciki a lokacin ƙarar, domin shari'a ta san da tuba. Idan kuma mai haƙƙi ya faɗi a wannan sharaɗi, renon ba ya fita daga dangi, yana komawa ne ga na gaba a jeri.

A ɓangaren dukiya sharaɗin ya fi tsauri, domin ana buƙatar wasiyyi ya kasance adali, kuma alƙali na iya tsige shi idan ha'inci ya bayyana. Saboda haka mutumin da aka taɓa ɗaurewa kan zamba ko cin amana zai iya samun riƙon yaro, amma a damƙa gona ko shago ko kuɗin gadon a hannun wani.

Abin da dokar tarayya ta tanada

Sashe na 1 na Dokar 'Yancin Yara ya sanya maslahar yaro a matsayin abin da za a fara dubawa a duk matakin da ya shafe shi. Dokar ta ba ɗan'uwa damar neman kotu ta naɗa mai kula da yaro idan iyaye ba su cancanta ba, ta kuma ba kotu ikon soke naɗin daga baya. Ga mai neman umarnin riƙo a hukumance, ta sharɗanta ya kasance yana da halin ɗaukar nauyin yaron, yana da lafiyar jiki da ta ƙwaƙwalwa, kuma amanarsa ba abin shakka ba ce.

Kotun Ƙoli ma, a shari'ar Williams da Williams ta 1987, ta nuna cewa umarnin riƙo ba horo ba ne ga ɗaya daga cikin iyaye. Ma'ana, alƙali ba ya sake hukunta mutum kan laifin da ya riga ya biya, yana auna haɗarin da yaron zai iya shiga ne.

Laifi suna ya tara

Wajen wannan awo, abu na farko shi ne nau'in laifin. Fyade, da lalata da ƙananan yara, da safarar mutane, da azabtar da iyali suna taɓa lafiyar yaron kai tsaye, kuma da wuya a samu hujjar da za ta rinjaye su. Laifin hanya ko rigimar kasuwa da ta ƙare da tara ba su da wannan nauyin. Sai kuma daɗewar abin, da ko an maimaita, da irin rayuwar da mutum ya yi bayan fitowarsa daga gidan gyaran hali. Ana kuma duba sauran mazauna gidan, domin kaka mai kyakkyawan hali na iya rasa riƙo idan tana zaune da wanda ke zama barazana ga yaron.

Akwai bambanci tsakanin zargi da hukunci. Sashe na 36 na Kundin Tsarin Mulki ya ɗauki wanda ake tuhuma a matsayin marar laifi har sai an tabbatar. Wannan na da muhimmanci a Arewa maso Gabas, domin a shari'un waɗanda ake zargi da alaƙa da Boko Haram da aka fara a Kainji a Oktoban 2017, an sallami ɗaruruwan mutane saboda rashin hujja. Wanda aka tsare aka saki haka ba a kiransa wanda aka yanke wa hukunci, ko da yake kotu na iya sauraren shaidu a kan halinsa.

Haka kuma dokar 2003 ta tanadi a sirranta bayanan laifin da mutum ya aikata yana ƙaramin yaro. Wanda gwamna ya yi wa afuwa a ƙarƙashin sashe na 212, ko shugaban ƙasa a ƙarƙashin sashe na 175, zai iya gabatar da takardar a matsayin hujja.

Yadda tarihin ke fitowa

Sashe na 16 na Dokar Gudanar da Shari'ar Laifuka ta 2015 ya kafa rumbun tattara bayanan masu laifi a hannun rundunar 'yan sanda, wadda ita ce ke bayar da takardar shaidar hali. A Nuwamban 2019 aka ƙaddamar da kundin ƙasa na masu laifukan lalata, wanda hukumar yaƙi da safarar mutane, NAPTIP, ke kula da shi. A gari kamar Mubi kuwa, mai unguwa da liman ko fasto da maƙwabta sun fi kowace takarda sanin tarihin mutum, kuma ɗaya ɓangaren na iya kiransu shaida.

Don haka ɓoyewa ta fi laifin kansa illa a ƙarar da ginshiƙinta amana ne. Abin da ya fi wa mai nema shi ne ya bayyana hukuncin da bakinsa, ya kawo kwafin takardar kotu, da shaidar sana'a da mazauni, da mutanen da za su tsaya masa. Marar hali na iya neman taimakon Hukumar Bayar da Tallafin Shari'a ko ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA.

Ko bayan an yanke hukunci, umarnin riƙo ba ya zama na dindindin. Kotu na iya gindaya sharuɗɗa, kamar ziyarar jami'an jin daɗin jama'a, kuma duk ɗan'uwan da ya ga yaron na cutuwa yana da damar komawa gaban alƙali a sake duba lamarin.