Yadda Hano da Ɗorawa Suka Shiga Littafin Masana

A shekarar 1910 John Hutchinson, masanin tsirrai a lambun Kew da ke Landan, ya bayyana wata bishiya ta Arewacin Nijeriya a matsayin sabuwa ga kimiyya. Ya raɗa mata Boswellia dalzielii don karrama John Dalziel, likitan gwamnatin Turawa da ya yi ta busar da ganye da furanni yana aikawa Ingila. Bishiyar kuwa hano ce, wadda wasu ke kira ararraɓi, wadda masu magani suka daɗe suna dafa sassaƙenta, ana kuma turare da ƙaronta. Ɗorawa ta riga ta shiga littafin masana: Robert Brown ya sa wa danginta Parkia a 1826, daga sunan matafiyi Mungo Park, cikin bayanin tsirran da ayarin Clapperton ya kwaso, tafiyar da Dokta Oudney, ɗaya daga cikin ayarin, ya rasu a cikinta kusa da Katagum a 1824. Daddawar da ake yi da 'ya'yanta kuwa tana cikin miya tun kaka da kakanni.

A ganina aikin nan na hannu biyu ne, amma hannu ɗaya aka rubuta. Baƙo ba ya shiga dajin da bai sani ba ya ware itace daga ɗan'uwansa sai da ɗan gari a gaba. Hujjar tana cikin littafin sunayen tsirrai na Hausa da Dalziel kansa ya wallafa a 1916: ɗaruruwan sunayen nan daga bakin mafarauta da makiyaya da wanzamai suka fito, duk da haka sunan likitan ne ya zauna a kan bishiyar.

Wani zai ce ashe ba abin da Turawan suka ƙara sai kwashe. Ban yarda ba. Suna yakan sauya daga Sakkwato zuwa Katagum, wani lokaci suna ɗaya ya haɗa tsiro biyu, kuma ga mai neman magani wannan ba ƙaramin haɗari ba ne. Busasshen reshe da aka manna a takarda, da kwanan wata da wurin da aka tsinko shi, shi ke raba gardama. Da shi aka gane cewa hano ɗan'uwan itacen lubban ne na Somaliya da ƙasar Larabawa, da shi kuma ake sanin inda bishiya take kafin gatarin masu gawayi ya kai gare ta. Har yau ana irin wannan ajiya a Ibadan da Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, kuma takardar da ke ɗaukar sunan mai tsinkowa tana da filin da zai ɗauki sunan wanda ya nuna masa.