Saniyar Kenya da Ƙarin Niyok: Yadda Aka Gano TNF

Duk makiyayin da ya san sammore ya san kamanninsa: tsando ya ciji saniya, ta yi ta ramewa har haƙarƙari ya fito. Irin waɗannan shanu Anthony Cerami, masani daga Jami'ar Rockefeller ta Amurka, ya gani a Kenya a shekarun 1970. Abin da ya ɗaure masa kai shi ne ƙwayoyin cutar da ke jinin dabbobin ba su kai yawan da za su cinye saniya haka ba. Sai ya yi zargin jikin saniyar ne ke fitar da wani abu da ke ramar da ita.

Tun kafin shi akwai alamun haka. A 1891 wani likitan fiɗa a Niyok, William Coley, ya fara yi wa masu ciwon daji allurar bakteriya da gangan; zazzaɓi ya rufe su, ƙarin wasu ya motse. A 1975 Lloyd Old da abokan aikinsa, su ma a Niyok, suka nuna cewa ba bakteriyar ce ke kashe ƙarin ba, wani sinadari ne da jikin ɓera ke saki idan ya ji gubarta. Suka raɗa masa suna TNF, wato mai kashe ƙari. Shekara guda kafin nan Stanley Cohen ya ƙirƙiro kalmar saitokin domin irin waɗannan ƙananan furotin da ƙwayoyin garkuwar jiki ke aika wa juna saƙo da su. Su ne ke kawo zazzaɓi, su buɗe hanyoyin jini, su kira fararen ƙwayoyin jini wurin rauni. Kumburi da ja da zafin da ke kewaye da maruru aikinsu ne.

A 1985 hanyoyin biyu suka haɗu. Bruce Beutler, matashin likita a ɗakin binciken Cerami, ya tace sinadarin ramar, wanda suke kira kakektin, sai ga shi ashe TNF ne. A shekarar suka nuna cewa toshe shi na kare ɓeraye daga gubar bakteriya. Wani mai bincike, Kevin Tracey, ya ɗora a kai: a 1986 ya sa wa ɓeraye TNF zalla, ba ƙwayar cuta ko ɗaya, jininsu ya faɗi, gaɓoɓin cikinsu suka lalace kamar masu sefsis. A 1987 aka sa wa manyan birai bakteriyar da ta isa kisa, waɗanda aka toshe wa TNF suka tsallake.

Murna ta yi yawa, kuma ban ga laifin masu murnar ba. Sefsis, wanda mutane ke kira gubar jini, na ɗauke jarirai da masu jego da masu rauni cikin kwanaki kaɗan. Kamfanoni suka zuba dukiya, aka gwada magungunan toshe TNF a kan dubban majinyata a shekarun 1990. Ba su yi abin da aka sa rai ba. A wani gwaji da aka wallafa a 1996 ma, mutuwa ta fi yawa cikin waɗanda aka ba kaso mai yawa.

A ganina babban dalilin na cikin gwajin biran. Sa'o'i biyu kafin a sa musu bakteriya aka ba su maganin. Wane majinyaci ne ke zuwa asibiti kafin cuta ta kama shi? TNF kan tashi cikin sa'a ɗaya zuwa biyu ya sauka, alhali ya riga ya tayar da 'yan uwansa irin su IL-1 da IL-6. Daga baya kuma jiki kan saki masu kashe wutar, kamar IL-10, har garkuwa ta yi sanyi wata cutar ta samu shiga. Toshe TNF a wannan gaɓar rufe ƙofa ne da ɓarawo a ciki. Kuma sinadarin ba abokin gaba ba ne: da shi jiki ke killace tarin fuka, shi ya sa ake gwada mutum kafin a ɗora shi a kan irin waɗannan magunguna.

Inda maganin ya ci nasara wani wuri ne daban. A Landan, Marc Feldmann da Ravinder Maini sun gwada shi a 1992 a kan masu amosanin gaɓɓai, ciwon da TNF ke ta ruruwa a cikinsa shekara da shekaru. Majinyata suka samu sauƙi ƙwarai. Maganin, infliximab, ya samu amincewar hukuma a Amurka domin wannan ciwon a 1999.

Shi kuwa sefsis, a 2016 aka sake fassara shi da cewa lalacewar gaɓoɓi ce sakamakon rikicewar martanin jiki ga cuta, wato zargin da Cerami ya yi a gaban shanun Kenya. Wani ƙiyasi ya nuna ya kashe mutum miliyan 11 a 2017, kuma Afirka kudu da Sahara na cikin yankunan da ya fi yi wa ɓarna. Har yau abin da ke hannun likita shi ne maganin kashe bakteriya da wuri, ƙarin ruwa, iskar oksijin, da kawar da tushen cutar.