Kawukudi: wa ya ce a kawo kuɗin?

A Landan aka haife ni, amma iyayena 'yan Nima ne a Accra. Zuwana gida na farko, muna cikin trotro sai na ji yaron mota yana ta kiran "Kawukudi! Kawukudi!" Nan take na kai hannu aljihu, na zaci kuɗin mota yake tambaya. Kawuna ya yi dariya har da hawaye. Ashe sunan mahaɗar hanya ne, tsakanin Nima da Kanda.

Wurin ba ɓoyayye ba ne yanzu, don a nan Babban Masallacin Ƙasa yake, wanda Turkawa suka gina aka buɗe a 2021. Amma tambayi mutum uku asalin sunan, ka ji labari uku. Kowa ya yarda Hausa ce, "kawo kuɗi". Rigimar ita ce, wa ya faɗa, kuma wa aka faɗa wa?

Kawu ya ce da can wajen daji ne, 'yan fashi ke tare masu wucewa da dare. Gwaggo ta ce sam, 'yan kasuwa ne da ba sa ba da bashi. Wani dattijo a masallaci kuma ya ce masu karɓar kuɗin fili ne daga baƙi.

Ita kanta Nima haka take. An san Malam Amadu Futa ya samu filin daga mutanen Osu a farkon shekarun 1930. Sunan kuwa, wasu sun ce ni'ima ce ta Larabci, wasu sun ce "Nii man" ne na yaren Ga, wato garin sarki. Tudu da Fadama da Sabon Zongo su ne masu sauƙi, ma'anarsu a fili take.

Ni na fi karkata ga labarin Kawu, don kasuwa ko'ina akwai ta, amma tsoro shi ke manne wa wuri. Sai dai Gwaggo ta girme shi, kuma ba ta son a ce unguwarmu da fashi ta fara.

Gwaggo ta rasu bara, ban ɗauki muryarta ba. Don Allah in kana da tsoho a gida, kira shi yau ka tambaye shi.